Kwalbar Da Turai Ta Wanke

Faɗa ne ya fara haɗa su, kuma duk wanda ya san Turai 'yar Malam Sanda na Hayin Banki ba zai yi mamaki ba.

Ranar Litinin ce, farkon daminar 1989, ranarta ta farko a ɗakin awon jini na wani ƙaramin asibiti da ke Kawo. Ta gama sakandare, tana jiran gurbi a makarantar koyon aikin lafiya, sai aka ɗauke ta aikin wanke ƙananan kwalaben da ake ɗibar jinin marasa lafiya a ciki. A lokacin kayan aiki sun yi wahala, sai a yi watanni ba a ga sabuwar kwalba ba, saboda haka wankewa ake yi a sake amfani da su.

Turai ta ɗebo omo cike da hannu ta zuba a baho, kumfa ta tashi har gwiwar hannunta. Ta goge kowace kwalba, ta ɗauraye, ta jera su a kan tebur suna ƙyalli, ta ja da baya tana kallonsu ranta fari tas.

Sai ga wani saurayi ya shigo. Dogo, siriri, baƙi, da farar rigar aiki da biro biyu a aljihu. Ya ɗaga kwalba ɗaya wajen taga, ya shinshina ta, fuskarsa ta canza.

"Wa ya wanke waɗannan?"

"Ni ce. Ina kwana."

Bai amsa ba. "Sau nawa kika ɗauraye su?"

"Sau ɗaya."

"Sau ɗaya! Inna lillahi. Malama, nan ba madafar gidanku ba ce. Kisan mutane aka ɗauke ki ki yi?"

Turai ta ajiye tsumman hannunta a hankali.

"Malam, na gaishe ka ba ka amsa ba. Madafar gidanmu kuwa ta fi bakinka tsabta. Shekara goma ina wanke kwanon tuwo da omo, har yau ba mu binne kowa ba."

Ya yi tsaye baki buɗe. Tijjani ke nan, ma'aikacin awon jini na asibitin, wanda ko nas-nas ba sa iya mayar masa da magana in ya fara. Ya dube ta, ita ma ta dube shi ba ko ƙiftawa, kuma a nan ne, Allah shaida, abin ya shige shi, ko da yake bai gane ba sai daga baya.

"Zo nan," ya ce.

"Ban iya zuwa kiran da babu don Allah a ciki ba."

"Don Allah, zo nan."

Ya soki ɗan yatsansa da allura, ya ɗiga jini a kan gilasai biyu. Ya sa na farko a ƙarƙashin madubin likita ya ce ta leƙa. Turai ta leƙa. Ɗigon jinin nan ya zama gari guda, cike da wasu 'yan ƙwayoyi jajaye, zagayayyu kamar maɓallan riga, dubbai, suna ta gogar juna.

"Su ne jajayen ƙwayoyin jini," in ji shi. "Su ke ɗaukar iskar da kike shaƙa su kai ta ko'ina a jikinki. Kowacce tana da 'yar fata siririya da ta rufe ta, kuma fatar nan da maiƙo aka yi ta. To mene ne aikin omo a kwanon tuwonku?"

"Cire maiƙo."

"Madalla. Sake leƙawa."

Ya tsoma tsinke a ruwan bahonta, ya taɓa ɗigon jini na biyu da shi. Tana kallo ƙwayoyin suka fara dusashewa, ɗaya bayan ɗaya, kamar gishiri a miya. Kafin ta ɗago babu ko guda, sai jan ruwa kamar zoɓo.

"Omo bai san bambancin maiƙon miya da maiƙon jini ba," ya ce, muryarsa ta sauka. "Dafi ma haka yake yi. Na ƙudan zuma yana huda fatar nan, na wasu macizai yana cinye ta, ƙwayar ta fashe, abin da ke ciki ya zube. Kububuwa kuma dafinta har daskarewa yake hana jini. In aka kawo wanda maciji ya sara, mukan ɗibi jininsa a kwalba mu jira minti ashirin. In ya daskare, da sauƙi. In bai daskare ba, dafi ya shiga. To kwalbar da omo ya maƙale a cikinta ita ma tana iya hana jini daskarewa, ta fasa ƙwayoyin. Sai lafiyayye ya fito kamar wanda maciji ya sara. Kin gane abin da ya sa na yi ihu?"

Turai ta gane sarai, jikinta har ya yi sanyi. Amma ta murguɗa baki.

"Da ka faɗa min haka tun farko, bakinka ne zai ragu?"

Ta kwashe kwalaben gaba ɗaya ta mayar da su baho.

Daga ranar ta kafa wa kanta doka. Ta wanke, ta ɗauraye sau bakwai a famfo, sau uku da tataccen ruwa, ta tafasa su, ta kife su a tanda har su bushe ƙarau. In an ɗauke ruwa, ta gwammace ta sayo a wurin 'yan garuwa da ta rage ɗauraya ɗaya. Hannayenta suka yi kaushi. Ba ta taɓa ƙorafi ba, ba ta kuma sake yi masa magana ba in ba ta aiki ba.

Sati uku ana haka, ta sa hannu a aljihun farar rigarta ta ji takarda.

"Zuwa ga Turai,
Na duba kwalabenki ɗari biyu ina neman laifi ban samu ba. Laifin da na samu nawa ne, gaisuwar da ban amsa ba. Lafiya lau na kwana ranar nan, amma tun daga ranar ban ƙara kwana lafiya ba. In kin yarda, ina son sanin hanyar gidanku.
Tijjani."

Ta karanta sau huɗu a bayan ƙofa. Ta juya bayan takardar ta rubuta:

"Malam Mai Ihu,
Hayin Banki, ka tambayi makarantar Malam Sanda. Bayan la'asar. In ka zo ka ɗaga murya, Malam yana da bulala."

Ya zo, ya kuma ci gaba da zuwa. Duk Juma'a da Lahadi sai ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gida, ya durƙusa ya gai da Malam, Inna Kaltume mahaifiyar Turai ta aiko da tabarma da ruwa a kwanon sha. Su zauna a zaure, karatun ɗalibai na tashi daga rumfa.

"'Yar Malam," yakan ce, "wai ke ba kya iya murmushi ne sai kin fara harara?"

"Hararar ce ta kawo ka."

"Ita ce kuwa. Allah ya bar min ita."

"Amin, in ka iya da ita."

Wata biyu da fara zuwansa Malam Sanda ya kira shi. Malam mutum ne mai ƙarancin magana, allo da tawada su ne sana'arsa tun yana saurayi.

"Ɗan samari, zaurena ba wurin hira ba ne. In da gaske kake, turo magabatanka."

"In sha Allahu, Malam."

A nan aka tsaya. Gidan su Tijjani a Unguwar Dosa yake, gidan 'yan boko. Mahaifinsa Alhaji Bala ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya koma noma, ba ruwansa. Mahaifiyarsa Hajiya Lami ita ce ta ce sam, domin ta daɗe da zaɓa wa autanta mata: Sa'adiya 'yar ƙawarta, nas a wannan asibitin.

Wata Laraba Turai na tsugune gaban baho, sai ta ji ƙamshin turare. Ta ɗago, ga Sa'adiya da fararen kaya, ga wata dattijuwa mai gilashi da leshi a bayanta.

"Ga ta nan, Mama," in ji Sa'adiya.

Turai ta miƙe ta rusuna. "Sannu da zuwa, Hajiya. Ina wuni?"

Hajiya Lami ta dube ta tun daga ɗankwali har silifas.

"Ke ce mai wanke-wanken?"

"Ni ce Turai."

"Ban tambayi sunanki ba. Ki saurara, yarinya. Ban kai ɗana makaranta har Zariya don ya ɗauko min mai wanke jinin mutane ba. Ki nemi daidai ke a cikin ɗaliban ubanki."

Kai jama'a! Da wata ce ta faɗi haka, da asibitin nan ya ji muryar Turai har bakin titi. Amma uwar Tijjani ce. Ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini, ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya." Da suka fita, kwalbar da ke hannunta ta fashe don tsabar matsa. Ta ɗaure yatsan, ta rubuta:

"Tijjani,
Uwarka ta zo ta gan ni. Na yi shiru saboda kai, kuma shirun nan ya fi komai yi min ciwo. Malam yana jiran mutanenka sati huɗu ke nan. Ni ba abar ɓoyewa ba ce. In ba za ka iya ba, ka faɗa min da bakinka."

Amsa ta zo kafin a tashi:

"Turaina,
Na ji, kuma raina ya ɓaci fiye da naki. Ki ba ni lokaci kaɗan. Na san ko ke wace ce, ko duk Kaduna za ta taru a kanki ina bayanki.
Naki har kullum."

Ta ninke wannan takarda ta sa a cikin littafin addu'o'inta, ta gaskata kowace kalma.

Ranar wata Asabar da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar asibiti da ƙarfi. Alhaji Bala ne aka kawo daga gonarsa ta hanyar Zariya. Yana cire ciyawa maciji ya sare shi a idon sawu. Ma'aikatan gona sun kashe macijin sun jefar, sun ɗaure ƙafar da tsumma. Da ƙafarsa ya shigo, yana ɗingishi, goro a bakinsa, har da dariya.

"Ku daina tayar da hankali. Ɗan ƙaramin abu ne, bai fi tsawon muciya ba. Hajiya ce ta matsa sai an zo."

Dakta Alhassan, likitan da ke aiki ranar, bai yi dariya ba. Ya ce allurar maganin dafi takan tayar wa wasu da jiki sosai, Alhaji kuma yana da asma, saboda haka ba zai yi masa ita ba sai jini ya nuna dafi ya shiga. Turai ta kawo kwalabe a kan faranti. Tijjani da kansa ya ɗibi jinin mahaifinsa, ya ajiye kwalbar a bakin taga, ya cire agogonsa ya sa kusa da ita.

Minti ashirin suka cika. Ya karkata kwalbar. Jinin ya gangaro kamar ruwa.

Hajiya Lami ta kama ƙarfen gado. "Auta, me ke nan? Ka yi magana mana!"

Sa'adiya ce ta yi magana. "Likita, kafin a yi wa Baba allurar da za ta iya cutar da shi, a duba kwalbar. Ku dube shi, lafiyarsa ƙalau. Ni dai jiya na ga kumfar omo a kan kwalaben nan. Gaggawar tashi wasu suke yi ranar Juma'a, saboda masu zuwa zance."

Ƙarya ce tsagwaronta. Turai ba ta ko dubi Sa'adiya ba, Tijjani ta duba, tana jiran ya buɗe baki ya rufe maganar da kalma ɗaya.

Ya juyo. Idanunsa sun yi ja.

"Turai, ki faɗi gaskiya. Kin ɗauraye su yadda ya kamata?"

Da mari ya yi mata da ya fi sauƙi.

"Ni kake tambaya?"

"Kowa yana kuskure. Ki duba Baba, yana magana, yana dariya. Ba zai yiwu a ce..." Ya juya ga likita. "Bari in hau babur in je cikin gari in nemo sabuwar kwalba, wadda ba ta bi ta hannun kowa ba."

"Na faɗa maka!" Hajiya Lami ta ɗaga murya. "Na faɗa maka ba ka ji ba! Ga shi za ta sa a kashe maka uba da ƙazantarta!"

Wadda ba ta bi ta hannun kowa ba. Maganar ta tsaya wa Turai a ƙirji kamar ƙashi. Zuwa cikin gari da neman kwalba ranar Asabar da dawowa, awa biyu ke nan in an yi sa'a. Ta dubi Alhaji. Audugar da aka danna a inda aka ɗibi jini ta jiƙe jagab, har ta fara ɗiga. Ya tofa yawu a kwano, ja.

"Likita, bakinsa jini yake yi."

"Goro ne," in ji Sa'adiya. "Ba ki taɓa ganin mai cin goro ba?"

Turai ta ɗauki farantin kwalaben ta dangwarar a gaban Sa'adiya, har suka yi ƙara.

"Zaɓi biyu."

"Me?"

"Kin ce kin ga kumfa. Zaɓi biyun da suka fi ƙazanta, da hannunki."

Sa'adiya ta dubi likita, likita ya gyaɗa kai. Ta zaɓa. Turai ta naɗe hannun rigarta har dantse, ta miƙa wa Tijjani hannu.

"Ɗebi nawa a ɗaya, ka sake ɗibar na Alhaji a ɗaya. Ni maciji bai sare ni ba. In omo ne a kwalabena, nawa ma ba zai daskare ba. In hakan ta faru, in cire rigar nan in tafi, kada Allah ya ƙara haɗa fuskokinmu."

"Turai..."

"Ɗiba nake cewa! Ubanka ne a kwance, kana tsaye kana kiran sunana!"

"Yi abin da ta ce," in ji Dakta Alhassan. Ya aika a fito da allurar a ajiye kusa.

Sau biyu Tijjani yana kuskuren jijiya. Ba ta ko motsa ba, ba ta kuma kalle shi ba. Aka jera kwalabe biyu a bakin taga, agogo a tsakaninsu.

Minti ashirin ba komai ba ne ga mai hira, amma ranar sai da suka yi wa Turai kamar shekara. Ta tsaya ta harɗe hannuwa, hawaye na son zubowa tana mayar da su da ƙarfin tsiya. Alhaji ya daina dariya, ya ce kansa na sarawa. Hajiya tana ta jan carbi. Tijjani ya matso kusa da ita, ta matsa.

Da lokaci ya cika, likita ya ɗauki kwalbar Turai ya kife ta gaba ɗaya. Jinin ya tsaya cak, guda ɗaya kamar hanta, ko ɗigo bai faɗo ba. Ya karkata ta Alhaji, ya kwararo a kan auduga.

"Kwalba lafiyarta ƙalau," ya ce. "Dafin kububuwa ne. Sista, ruwa da allura, yanzu! Mun ɓata lokaci da yawa."

Ɗaki ya hargitse. Cikin hargitsin Turai ta cire farar rigarta, ta ninke, ta ajiye a kan kujera. Ta fito ta tari bas zuwa gida, sai da ta shiga ɗakin Inna Kaltume sannan ta fashe da kuka.

Alhaji Bala ya sha wuya. Fitsarinsa ya yi baƙi kwana biyu saboda ƙwayoyin jinin da suka farfashe, sai da aka ƙara masa jini, amma Allah ya yi da sauran kwana.

Turai ba ta koma aiki ba. Tijjani ya zo ranar Litinin, ta ƙi fita. Ya zo Talata, Malam Sanda ya tare shi a ƙofa.

"Sati huɗu ina jiran mutanenka, abin da ka aiko min shi ne 'yata da kuka. Ɗauki babur ɗinka."

Laraba ya ba Inna Kaltume takarda, ta kai mata.

"'Yar Malam,
Baba ya farfaɗo, sunanki ya fara tambaya. Ba ni da bakin ba ki haƙuri. Na shiga ɗakin awo na ga rigarki a ninke, na kasa aiki. Ki fito ki zage ni, ki mare ni, amma kada ki yi min shiru."

Ta mayar masa da tsohuwar takardarsa, wadda ta ajiye a littafin addu'o'i. Ta ja layi a ƙarƙashin inda ya ce yana bayanta, ta rubuta a gefe: "Na waiwaya ban gan ka ba."

Kwana tara bayan saran, da la'asar, mota ta tsaya a ƙofar gidan Malam. Alhaji Bala ya fito da sanda, ƙafa a naɗe, ko gida bai biya ba daga asibiti. Hajiya Lami na biye, Tijjani a ƙarshe kamar wanda aka kamo. Alhaji ya zauna a tabarma gaban Malam da ƙyar.

"Malam, ni ya kamata in zo tuntuni, na bar magana a hannun mata na tafi gona. Allah ya aiko min da abin da ya tuna min. Na zo neman gafara, na zo neman aure."

Malam ya gyara zama. "Gafara na yi, Alhaji. Aure kuwa, ba ni aka tozarta ba. A tambayi yarinya."

A cikin gida Hajiya Lami ta zauna a bakin gadon Inna Kaltume, tana ta gyara mayafi. Turai ta gaishe ta a durƙushe.

"Tashi, 'yata." Hajiya ta sake gyara mayafi. "Ni ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba. Amma na kira ki ƙazama a gaban mutane, alhali hannun nan naki..." Ta kamo hannun Turai, ta shafa kaushinsa, ta kasa ƙarasawa.

"Ya wuce, Hajiya. Ke ba ki san ni ba."

A zaure kuwa ba ta ce ya wuce ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ƙi zama.

"Hajiya ba ta san ni ba. Sa'adiya kishi ne ya ci ta. Kai fa? Kai da ka ƙirga kwalabena ɗari biyu? Kai da ka ga hannuna yana tsagewa? Me ya sa, Tijjani?"

Ya sunkuyar da kai. "Da na ga jinin nan yana gudu, abu biyu ne suka tsaya min. Ko Baba yana mutuwa, ko Turai ta yi kuskure. Na kasa ɗaukar na farko, sai na ɗora miki na biyu. Na san ƙarya ce tun ina faɗa."

"Ka sani?"

"Na sani."

"To wannan ya fi muni! Ka sayar da ni don ka samu minti biyar na kwanciyar hankali, kuma da ka tafi neman kwalbar nan da wataƙila gawa za ka tarar!"

"Haka ne."

Ta so ya yi musu ta samu abin kamawa, bai yi ba. Hawaye ne kawai ke bin fuskarsa, namiji guda, a zauren mutane. Fushin nata ya fara rasa inda zai tsaya, hakan ma ya ƙara ba ta haushi.

"Share fuskarka, ɗaliban Malam na kallo." Ta ja numfashi. "A gaban mutane ka ɓata ni. Ba a zaure za ka gyara ba."

Ranar Litinin ta gaba da safe, lokacin da ma'aikata ke taruwa kafin a fara aiki, Tijjani ya miƙe a gaban likita da nas-nas da masu shara. Ya faɗi abin da ya yi dalla-dalla, bai rage ba, ya ce kwalbar Turai ba ta taɓa yin ƙarya ba, shi ne ya yi. Sa'adiya ta sunkuyar da kai, daga baya ta nemi canjin wurin aiki. Dakta Alhassan ya ce daga ranar, duk awon saran maciji sai an jera jinin lafiyayye kusa da na majinyaci. Turai ma ta zo, tana tsaye a baya. Da aka watse ya zo ya tsaya nesa kaɗan, yana jira.

"Muryarka ta yi ƙasa," ta ce. "Na baya ba su ji sosai ba."

"In sake?"

Ta harare shi, ta daɗe tana hararar, sannan murmushin ya ƙwace mata.

"Ka gaya wa Alhaji, Malam yana gida ranar Juma'a."

An ɗaura aure bayan an yi girbi, ranar Asabar da safe, a ƙofar makarantar Malam. Mutanen Unguwar Dosa da motocinsu, mutanen Hayin Banki da tabarminsu, layin ya cika har bakin titi. Da yamma, kafin a tafi da amarya, Malam ya sa aka kira su biyu ɗakinsa. Turai a lulluɓe tana kuka, Tijjani a durƙushe gefenta, Alhaji Bala da Hajiya da Inna Kaltume na zaune.

"Tijjani," in ji Malam, "'yar nan tawa tana da zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban taɓa ganin ta yi fushi a banza ba. Ranar da ka ga ta hau, kafin ka ce mata yi haƙuri, ka fara bincikar kanka. Ke kuma Turai, in an ba ki haƙuri ki karɓa da wuri, rai ba ya jira."

"To, Malam," suka ce tare.

Hajiya Lami ta matso ta kama hannun amarya. "Ni zan kai ta da kaina. Kuma Auta, ka ji da kyau, in ka ƙara sa ta kuka, gidana za ta zo, ni da kai ne."

Aka yi dariya, har amarya a cikin mayafi. Tijjani ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Kin yafe min duka, matata?"

"Saura kaɗan," ta ce cikin shessheƙa. "Sauran a gidanka zan ƙarasa."

Malam ya ɗaga hannuwa sama, kowa ya ɗaga. Ya roƙi Allah ya sanya albarka a tsakaninsu, ya ba su zuriya mai tsoronsa, ya sa kowannensu ya zama mai tsaya wa ɗan'uwansa a ɓoye da kuma a gaban jama'a. Aka shafa, ɗakin ya ɗauka da amin, ta Turai ta fi ta kowa ƙarfi.